ABU, BUK ko Danfodiyo: ina ya fi dacewa ka yi mastas ɗinka?

Ƙanina ya gama bautar ƙasa watan jiya, tun bai gama ninke kakin ba ya fara damuna da waya, Yaya ina zan sayi fom, Zariya ko Kano ko Sakkwato? Shi noma ya karanta, abokinsa da suka yi hidimar tare kuma tarihi, amma su biyun tambaya ɗaya suke min. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake, in ya so duk wanda ke tsaye a wannan mararrabar shi ma ya ƙaru.

Abu na farko da na ce masa, ƙanina digiri na biyu fa ba irin na farko ba ne. A na farko ku ɗari uku ne a aji, lakcara ya zo ya yi nasa ya tafi, ka haddace ka rubuta jarrabawa shikenan. A mastas kuwa bayan kwas na shekara ɗaya abin da ya rage kai ne da sufabaizanka da binciken da za ka yi, to idan sashen da ka shiga ba a wani bincike mai rai a cikinsa, ko jami'ar ta fi kowacce suna a Afirka wahala kawai za ka sha. Don haka ni ba sunan makaranta nake aunawa ba, ga abubuwan da nake dubawa.

Na ɗaya, a fanninka wace cibiya ko ɗakin gwaji ne ke aiki yanzu haka, kuma akwai malamin da ke yin irin abin da kake son yi? Na biyu kuɗi, kuma ba na rajista kaɗai ba, har da haya da abinci da kuɗin mota da kuɗin gwaje-gwaje, wanda shi ne yake karya mutane a ƙarshe. Na uku ƙarko, wato bayan shekara goma takardar nan da mutanen da ka sani a can za su ci gaba da yi maka amfani? Na huɗu sauƙin rayuwa, masauki, zirga-zirga, yanayi. Na biyar haɗari, hanya, yajin aiki, da jinkirin kammalawa.

ABU Zariya

Ita ce uwa, an buɗe ta a watan Oktoba na 1962, Sardauna da kansa shi ne uban jami'ar na farko, ita kanta BUK daga cikinta ta fito. Tana da mazauni a Samaru, da Kongo inda ake shari'a da harkar mulki, sai asibitin koyarwa a Shika.

Ta fuskar bincike gaskiya a nan ne na fi daɗewa da ƙanina, domin fanninsa nan ne gidansa. Cibiyar IAR da ke Samaru ta girmi jami'ar ma, tun 1922 ake binciken noma a wurin. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM daga can ya fito, SAMMAZ masara, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMSORG dawa, SAMCOT auduga. A ƙarshen 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T wanda tsutsar nan mai huda kwanson wake ba ta iya cin sa, manomin da a da yake feshi sau shida zuwa takwas a damina ɗaya sai ya koma kamar sau biyu. A farkon 2024 kuma aka fitar da masarar TELA, ita da waken nan duk an sauya musu ƙwayar halitta. Na san akwai masu ja da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawara ce da ya kamata a ci gaba da yi da hujja, amma ai ko don ka fahimci muhawarar da kyau gara ka zauna kusa da waɗanda suka yi aikin da hannunsu.

Idan ka taɓa bi ta gonakin gwajin nan a watan Agusta za ka gane abin da nake nufi. An yanka fili ƙanana ƙanana kamar fangalin albasa, kowanne da ɗan allonsa an rubuta lamba, ga ɗalibi ya naɗe ƙafar wando cikin caɓi yana auna tsawon kara da ma'auni yana rubutawa a littafi, wani ma'aikaci dattijo da ya shekara talatin a gonar yana tsaye yana ce masa a'a ba daga nan ake aunawa ba, daga gindi. Wannan dattijon ba shi da digiri amma rabin abin da za ka koya a wurinsa za ka koya, kuma irinsu ba a samar da su a shekara biyar, sai tsohuwar cibiya.

Ba noma kaɗai ba. A Shika akwai NAPRI ta binciken dabbobi, su suka samar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Akwai NAERLS masu kai sakamakon bincike wurin manoma. Akwai cibiyar CERT inda tukunyar nukiliyar bincike ɗaya tilo ta Najeriya take, ƙarama ce mai ƙarfin kilowat 30 ko kusa da haka, ta fara aiki a 2004, a 2018 aka canza mata makamashi zuwa yuraniyom ɗin da ba a tace sosai ba. Ba wutar lantarki take bayarwa ba, amfaninta shi ne a sa samfurin ƙasa ko dutse ko abinci a gano sinadaran da ke ciki dalla-dalla, to ɗan fiziks ko mai binciken ma'adinai ka ga ai ba shi da wurin da ya fi nan a ƙasar. A ɓangaren cututtuka marigayi Farfesa Andrew Nok ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009 kan binciken ciwon sammore, kuma cibiyar ACENTDFB ta cututtukan da aka yi watsi da su ta ɗora a kan wannan turbar. Mai tarihi kuma yana da tsangayar da su Dakta Yusufu Bala Usman suka raina, ga Arewa House a Kaduna wadda ta ABU ce, ga gidan adana takardun tarihi na ƙasa duk a Kadunan, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka.

Kuɗi fa? Samaru garin ɗalibai ne, komai an gina shi ne a kan aljihun ɗalibi. Ɗaki a Hayin Dogo ko Ɗanraka ko Palladan bai kai na Kano tsada ba, kasuwar Samaru kuma kayan miya da hatsi da sauƙi tunda ƙauyukan da ke nomawa suna kewaye da ita. In ka samu gado a hostel ma ka huta, sai dai samun sai an yi da gaske saboda yawan jama'a.

Ƙarko kam ba a magana. Duk ma'aikatar da ka shiga a Abuja ko Kaduna ko Legas sai ka tarar da ɗan ABU, daga marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Sarki Sanusi zuwa injiniyoyi da masu zanen gine-gine da ba su ƙirguwa. Kuma wani abu da nake so da ita, a ɗaki ɗaya za ka kwana da Bayarabe da ɗan Tibi da ɗan Ibo da Babarbare, ka fito idonka a buɗe.

Sauƙi shi ne inda take da ɗan rauni, girmanta ne matsalarta. Malami ɗaya yana iya riƙe ɗalibai da yawa, sa hannu ɗaya sai ka bi ofis uku, idan kana Kongo kana da buƙata a Samaru sai ka ratsa gari ta Kwangila. Mai sanyin jiki wanda yake jira a kira shi zai iya ɓacewa a cikinta babu wanda ya lura. Sanyin hunturun Samaru kuma ka tanadi bargo na gaske, masu karatun dare a laburaren Kashim Ibrahim sun san zancen. Ta fuskar hanya, Kano zuwa Zariya kusan kilomita 150 ne babu laifi, amma hanyar da ta bi ta Funtuwa da wadda ta nufi Birnin Gwari ba a wasa da su, kuma idan bincikenka na shiga ƙauyuka ne sai ka zaɓi wurin da kyau tare da sufabaiza.

BUK Kano

Ta fara ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero ƙarƙashin ABU, sai a 1977 ta tsaya da ƙafarta da Dakta Mahmud Tukur a matsayin shugaba na farko. Tsohon mazauni yana wajen Kabuga, sabon yana kan titin Gwarzo, asibitin Malam Aminu Kano shi ne na koyarwa.

Da can idan aka ce BUK abin da ke zuwa ran mutane Larabci ne da Hausa da shari'a da aikin jarida, kuma har gobe tana da ƙarfi a nan, Ƙamusun Hausa na 2006 daga cibiyar nazarin harsunanta ya fito, ga tsangayar sadarwa guda sukutum da gidan rediyonta, ga Gidan Mambayya a Gwammaja inda ake nazarin dimokuraɗiyya a ainihin gidan Malam Aminu Kano. Amma wanda bai leƙa ta ba cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan bai san yadda ta canza ba wallahi.

Ɗauki cibiyar CDA ta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa. An kafa ta a 2012 da tallafin gidauniyar MacArthur, bayan shekara biyu ta shiga cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya zaɓa a Afirka. Suna da ɗakin da ake hayayyafar tsiro a cikin kwalba, da na gwajin ƙasa, da na taswira ta tauraron ɗan adam, da gonar da ake ban ruwa da ɗigo. Ɗalibai suna zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Gana da Mali, sai ka ji ana Faransanci a layin cin abinci. Kuma a cikin garin Kano akwai ofisoshin IITA da ICRISAT, cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, waɗanda ɗalibi mai himma zai iya raɓa. Shi ya sa na ce wa ƙanina kar ya ɗauka noma sai Samaru kawai, idan hankalinsa yana kan gero da dawa da sauyin yanayi da ban ruwa, to Kano ma ta isa a zauna a yi tunani.

Abin da ya fi burge ni kuwa na ɓangaren lafiya ne, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya domin babu gidan da bai san zafin rasa mace wajen haihuwa ba a ƙasar nan. Cibiyar ACEPHAP ƙarƙashin Farfesa Hadiza Galadanci ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000, aka buga sakamakon a 2023. Dabarar ba wata na'ura ce mai tsada ba, leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki a ga adadinsa da ido maimakon ungozoma ta yi kirdado, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa mata duka matakan a lokaci ɗaya, murza mahaifa, allurai, ƙarin ruwa, dubawa, ba wai a gwada ɗaya a jira a gani ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ɗalibin lafiyar al'umma ko aikin jinya da ya zauna kusa da mutanen da suka gudanar da irin wannan aikin, zai koyi yadda ake tattara bayanai da rubuta takardar neman tallafi, abin da babu littafin da zai koya masa.

Kuɗi, a nan ne Kano take cizo. Haya a Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko Janbulo ta fi ta Samaru nesa ba kusa ba, adaidaita sahu kullum yana cin nasa, musamman idan darasinka yana sabon mazauni kai kuma kana kwana a cikin gari. Amma fa juya kwaryar ka ga ɗaya gefen, Kano gari ne da mai neman na kansa ba ya rasa abin yi. Koyarwa a makarantar kuɗi da safe, lesin da yamma, ɗan shago a Kantin Kwari ko Farm Centre, aikin tattara bayanai na ƙungiyoyi, da yawa da haka suke biyan kuɗin karatunsu. In kuma gidanku a Kano yake ko kana da ɗan'uwan da zai ba ka ɗaki, lissafin gaba ɗaya ya kife, ta zama mafi araha a cikin ukun.

Sauƙi, ma'aikaci ya fi jin daɗinta, akwai kwasa-kwasan ƙarshen mako da na ƙwararru irin na makarantar kasuwanci ta Dangote, ga filin jirgi, ga mota zuwa ko'ina. Matsalar ita ce gari yana jan mutum, biki yau suna gobe ta'aziyya jibi, kafin ka farga shekara ta wuce ba ka rubuta babi na biyu ba. Wannan haɗarin na gaske ne kuma na ga ya ci mutane masu ƙoƙari sosai. Gasar shiga ma akwai ta, wasu sassan masu nema sun ninka gurbi.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato

An kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, a 1988 aka sa mata sunan Shehu. Babban mazaunin yana bayan gari wajen Dundaye, sai ka haye kogin Rima ta Kwalkwalawa inda masu kifi suke baje kolinsu a bakin hanya. Gadar nan ce ambaliyar 2010 ta cinye har karatu ya tsaya, tsofaffin ɗalibai har yau suna ba da labarin.

Ba ta kai waɗancan biyun yawan cibiyoyi ba, wannan gaskiya ne, amma inda take da ƙarfi tana da shi sosai. Cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato tun farkon shekarun 1980 take aiki a kan hasken rana, murhun sola, na'urar busar da amfanin gona, iskar gas daga kashin dabbobi, tun lokacin da sola bai zama abin yayi ba. Likitancin dabbobi ma nan wurinsa ne, ƙasar shanun Gudali da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai. Ga asibitin koyarwa da cibiyar CAMRET ta binciken lafiya. Shi kuma abokin ƙanina mai tarihi, na ce masa idan abin da yake so ya shafi Daular Usmaniyya ne, rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, to ina zai je ya bar Sakkwato? Ga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, ga gidajen malamai da har yanzu suke riƙe da littattafan kakanninsu a cikin gafaka, wanda sai ka je ka durƙusa ka gaisa sau uku sau huɗu kafin a buɗe maka. Wannan ba a yin sa daga nesa.

Rayuwa a can da sauƙin kuɗi, haya da abinci ba su kai Kano ba, kuma wurin shiru ne, babu abin da zai ɗauke maka hankali, malamai ma sun fi saurin sanin fuskarka tunda ba ku cika yawa ba. Abin da za ka biya a madadin haka zafi ne, daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura 40, in babu wuta da dare ma ba a barci. Ayyukan gefe ba su kai na Kano yawa ba. Sai babban abin, hanya. Wanda zai taso daga Kano ko Kaduna ko Zariya sai ya ratsa Zamfara ta Gusau, kowa ya san halin da ake ciki, tafiyar safe ce kawai kuma ba a yawaita ta. Amma ga ɗan Kabi ko Zamfara ta yamma, ko ɗan'uwanmu na Ƙonni da Tawa da Dogon Dutsi, ita ce ta kusa da gida, ta Illela ka shigo.

Abin da ya haɗa su duka

Ukun duk na gwamnatin tarayya ne, don haka idan ASUU ta tafi yajin aiki tare suke rufewa, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Babu wadda za ka gudu zuwa cikinta ka tsira daga wannan. Kuɗin rajista ma yana iya tsalle a zango ɗaya, a 2023 da BUK ta yi ƙari sai da gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 ta biya wa 'yan jiha 7,000, don haka kar ka dogara da abin da wani ya biya bara, ka buɗe fotal ɗin makarantar ka ga na bana, sannan ka ƙara wani abu a kai don ko-ta-kwana. Bashin NELFUND da ake ba ɗalibai har da naira 20,000 ta kashewa a wata bai shafi masu digiri na biyu ba, tallafin TETFund kuma na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Cibiyoyin nan na Bankin Duniya sun ba da sikolashif musamman ga mata da 'yan ƙasashen maƙwabta, amma tallafin mai wa'adi ne, ka tambayi cibiyar kai tsaye me ke ƙasa yanzu. Wuta kuma tun da aka ƙara kuɗinta a Afrilun 2024 jami'o'i suke kuka, mai aikin da ke buƙatar firiza ko injin da ba a so ya tsaya, ya tambayi ɗakin gwajin ko suna da sola ko janareta nasu na kansu kafin ya biya ko sisi.

Sai maganar sufabaiza, wadda ita ce ta fi ci min rai. Ina da aboki da ya yi mastas a wata jami'a daban, ba cikin ukun nan ba, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya gama kwas da sakamako mai kyau, aka haɗa shi da malamin da ya tafi hutun shekara wata ƙasa. Babi na ɗaya ya kwana wata bakwai a kan tebur, samfurin da ya tara ya lalace, ya sake biyan rajista har sau biyu a banza, karatun shekara biyu ya koma huɗu da rabi. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni nake ce masa kafin ka sayi fom ka je sashen da ƙafarka, ka nemi ɗaliban da ke shekara ta biyu, ka saya musu lemo ka tambaye su wa ke duba aiki da wuri, wa ke da tallafin bincike a hannu, su wa suka yi difens bana kuma yaushe suka shigo. Sannan ka buɗe Google Scholar ka rubuta sunan malamin ka ga yaushe rabonsa da buga takarda.

| Ma'auni | ABU | BUK | Ɗanfodiyo |
|---|---|---|---|
| Inda ta fi ƙarfi | noma, dabbobi, injiniya, fiziks, zane, tarihi | lafiyar al'umma, noman ƙasa busasshiya, harsuna, jarida, kasuwanci | makamashin rana, likitan dabbobi, Larabci, tarihin Daula |
| Tsadar zama | matsakaiciya | mai yawa, sai in gida na kusa | mai sauƙi |
| Aikin gefe | kaɗan | da yawa | kaɗan |
| Tsofaffin ɗalibai | ko'ina a ƙasa | Kano, Jigawa, Abuja, kafafen labarai | Sakkwato, Kabi, Zamfara, Nijar |
| Babbar wahala | cunkoso da bin ofis | hidimar gari da kuɗin mota | zafi da nisa |
| Hanya | da dama-dama ta Kano | ta fi sauƙi | sai an kula sosai |

To wa zai je ina? Idan kana son zama mai bincike na dindindin, ka yi mastas ka wuce digirin digirgir, kuma fanninka kiwon iri ne ko dabbobi ko injiniya ko fiziks, kuma kai mutum ne mai naci da ba ya jin kunyar ƙwanƙwasa ƙofa sau biyar, tafi Zariya. Idan kana aiki ba za ka iya ajiye shi ba, ko dole sai ka nemi kuɗin karatun da kanka, ko fanninka lafiyar mata da yara ne, ko Hausa da fassara da jarida, Kano ce taka, amma ka yanke wa kanka kwanaki uku a mako da babu biki babu zaman majalisa. Matar aure mai yara kuma ni shawarata ta duba wadda ta fi kusa da inda take da mai taya ta riƙon yara, domin na ga wannan yana yanke hukunci fiye da kowace cibiya. Idan kuɗinka kaɗan ne kana son wurin da za ka natsu ka gama, ko aikinka na sola ne ko dabbobi ko tsofaffin rubuce-rubuce, ko kuma daga yammacin Nijar kake, Sakkwato ba za ta ba ka kunya ba. Ɗan Damagaram ko Maraɗi ko Chadi mai son noma kuwa ya fara tuntuɓar CDA, sun saba da karɓar masu Faransanci.

Shi ƙanina da na matsa masa da tambaya sai ya ce shi wake yake so, yadda ake haɗa iri a fitar da sabo, tun yana yaro yake ganin tsutsa tana cinye na Baba. Na ce to ranar Litinin ka hau motar Zariya ka sauka a Samaru, ka shiga IAR ka nemi masu aikin wake ka gaishe su, ka ji ko akwai mai ɗaukar ɗalibi bana, fom ɗin ka saya bayan ka dawo. Abokinsa kuma har yanzu yana tsakanin tarihin kasuwancin goro da na malaman Gwandu, na ce masa in goro ne Kano, in Gwandu ne ya fara neman wanda zai sauka a wurinsa a Sakkwato kafin zafi ya shigo.